Ƙullun Wainar Arba'in

Inna ta rasu a cikin marka, lokacin da gero ya wuce tsayin mutum. A irin wannan lokaci in ka tsaya a ƙofar gidanmu ba ka hango gidan kowa, sai dai ka ji ana daka a bayan ganye, ko ka ji tarin wani tsoho da ka sani. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Tsanyawa, inda babu sauran daji, gonar wannan tana jingine da ta wancan, ko'ina ka taka akwai mai shi.

Sana'ar Inna waina ce, ta gero, tun kafin a haife ni. Na yi mata talla ina yarinya, na iya suya, na iya juya waina da tsinke ba tare da ta fashe ba. Abin da ban taɓa yi da hannuna ba shi ne kwaɓin ƙullu. Wannan ita kaɗai take yi bayan la'asar, ba don tana ɓoye wani abu ba, sai don a lokacin ina makarantar Islamiyya, daga baya kuma aka yi mini aure na bar gidan. Na sha gani dai, na kuma ɗauka gani ya isa.

Ranar da za ta rasu ta kwaɓa ƙullunta kamar kullum, ta rufe shi a madafi, ta ce wa Baba ƙirjinta yana yi mata nauyi. Kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. Ina gidan mijina aka aiko, na iso an gama yi mata wanka. Abubuwan da suka biyo baya ba na iya jera su daidai. Na tuna tabarmi, da takalman mata a bakin ƙofa, da ruwan da ya ƙi ɗaukewa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta riƙe gidan. Daga wajen Minjibir ta zo, mace ce mai tsabta wadda ba ta iya zama tana kallon abu a karkace. Da yake ba a hura wuta a gidan rasuwa sai an yi uku, maƙwabta ne ke kawo abinci, babu wanda ya leƙa madafi. Sai da wari ya fara fitowa Gwaggo ta shiga, ta tarar ƙullun Inna ya cika tukunya ya tumbatsa har ƙasa, ƙudaje sun yanyame shi. Ta kwashe ta zuba wa awaki. Tukunyar babba ce, ta ƙasa, cikinta ya yi kauri da busasshen ƙullu na shekara da shekaru. Gwaggo ta ja ta bakin rijiya ta dirje ta da sabulu da soson ƙarfe har jan yumɓunta ya fito, ta kife ta a rumfa. Ina kallo ta yi. Har sannu na yi mata.

Ranar bakwai aka yi sadaka kamar yadda aka saba, gumba da waina. Wainar daga wani ƙauye aka sayo ta, ta shinkafa, fara fat. Ina zaune a ɗaki na ji wata mata a tsakar gida tana cewa ƙasa-ƙasa, ikon Allah, yau gidan waina ake kawo wa waina. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta zauna mini a rai. Da mutane suka ragu na samu Baba a zaure na ce masa wainar arba'in ni zan yi, a tukunyar Inna, a tandarta. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce to. Mijina ya yarda in zauna har a yi arba'in ɗin, tunda Baba yana bukatar mai dafa masa. Gwaggo ma ta ce ba inda za ta sai an yi.

Na ce bari in gwada tun da sauran lokaci, don hannuna ya faɗa. Na surfa gero na wanke na jiƙa, na kai inji aka markaɗa. Na dafa ɗan tsaki na zuba a ciki, na juya da hannu yadda nake ganin Inna tana yi, na rufe da faifai. Madafin yana yoyo a wannan daminar, don haka na ajiye tukunyar a ɗakin Inna, a ƙasa, bayan ƙofa. Da safe na ɗaga faifan. Ƙullun yana nan yadda na bar shi, a kwance, ɗan ruwa ya taso a samansa, babu kumfa ko ɗaya. Na Inna da safe yakan hau har wuyan tukunya, samansa duk ƙananan huji, in ka nutsa ludayi ka ji ya yi ɗan huci. Na ce ƙila a wuta zai gyaru. Na sa kanwa na ɗora tanda. Wainar ta manne, wadda ta fita kuma ta fito a shafe, da nauyi, cikinta danƙo kamar ba ta ga wuta ba. Awaki suka samu rabo. Na wanke tukunyar tas, don a ganina ragowar abin da ya lalace shi zai lalata na gaba.

Haka na yi ta yi, haka kuma ya yi ta ƙi. Matan da ke zuwa gaisuwa kowace da tata. Wata ta ce geron ne, na bara ne ya kwana biyu a rumbu, amma ai da shi Inna take yi har ranar ƙarshe. Wata ta ce mai inji ne yake markaɗa barkono kafin nawa. Wata ta tambaye ni da wane ruwa nake kwaɓawa, na ce na burtsatse, saboda rijiyar gida ta yi laka, ta ce to shi ne, ruwan burtsatse ba shi da daɗin ƙasa. Wadda ke kusa da ita ta ce ita kuwa da shi take yin fankaso yana tashi har ya ture murfi. Suka shiga musu a kaina suka manta da ni. Akwai wadda ta ce hannu ne, akwai hannun da ƙullu ba ya tashi a cikinsa, kamar yadda akwai hannun da in ya dasa barkono ba ya kamawa. Akwai wadda ta rage murya ta ce baki ne, in nemi addu'a a tofa a ruwan. Na nema, an tofa. Wata tsohuwa kuma ta kama hannuna ta ce in daina kwaɓawa ina kuka, ƙullu ba ya son hawaye. Ni kuwa a kwanakin nan ba na kuka. Na so in ce mata da ma ina iya yi, sai na ce to, Allah ya saka.

Gwaggo tun farko maganarta ɗaya ce, a sayo yis a kanti a huta, duniya ta ci gaba. Na ƙi, na ƙi, ran nan na yarda. Ƙullun ya tashi kamar an hura shi, wainar ta fito da taushi, amma ƙamshin burodi take yi, babu wannan ɗan tsamin da ke tsayawa a bayan harshe. Na kai wa Baba. Ya ci ɗaya ya wanke hannu ya yi hamdala, shi da ba ya tashi daga kan wainar Inna sai ya ga gindin kwano. Na ce to ko ba komai na samu abin da zan faɗa kansa in lokaci ya ƙure. Da na sake gwadawa da ragowar yis ɗin, shi ma sai ya ƙi. Gwaggo ta ce iska ce ta shiga ledar. Maƙwabciyarmu ta ce a'a, na zuba shi tsakin yana da zafi na kashe shi. Ban san abu ne mai mutuwa ba sai ranar. Na gwada da nono, ya yi tsami har yana kama haƙori, amma bai motsa daga inda yake ba.

Ba wai ban san da tsami ba. Kullum Inna takan bar ɗan ƙullu a gindin tukunya ta kwaɓa sabo a kansa, kuma duk mai suna ko biki a ƙauyen takan zo da ƙoƙo ta ɗiba, kamar yadda ake ɗiban wuta. Na ɗauka don ɗanɗano ne kawai. Da abin ya ishe ni na bi gidajen da na san suna ɗiba, ko wata ta ajiye. Duk inda na shiga amsa ɗaya ce, ai a wajen Inna muke ɗiba. Wata ta ce wa zai wahalar da kansa da rufe garwashi alhali murhun maƙwabciya ba ya mutuwa. Na dawo gida na zauna a gaban tukunyar ina kallonta. Na kasa gane ko abin da na rasa yana cikin ƙullun da awaki suka ci, ko yana jikin tukunyar da aka dirje, ko kuwa yana hannun da aka rufe da ƙasa.

Arba'in ta matso. Wata safiya na kai wa Baba koko a zaure, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in je wajen Iya. Iya tsohuwa ce Bamagujiya mai dafa burkutu, a wasu 'yan gidaje da ke bayan fadama. Ƙawar Inna ce tun suna amare, tare suke tafiya kasuwar Tsanyawa a ƙasa kafin motoci su yawaita. Ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna can bakin ƙofa, ba ta daɗe ba ta tafi.

Gwaggo tana shara a bakin zauren, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Yaya, gidan giya za ka tura ta, ana cikin zaman makoki?"

"Ba sha na ce ta je ta yi ba," in ji Baba. "Ita ma tukunya take jira, kamar marigayiya."

Gwaggo ta ci gaba da shararta da ƙarfi.

Na tafi da hantsi. Hanyar 'yar siririya ce tsakanin gonaki, ganyen gero ya jiƙa mini mayafi tun kafin in kai fadama. Ban taɓa shiga gidan ba, ko ina yarinya a ƙofa nake tsayawa in Inna ta aike ni. Tun daga waje na fara jin warin. Tsami ne mai ɗumi, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne ya yi kusa ƙwarai da abin da nake shaƙa a madafin Inna da sassafe tun ina ƙarama. Na yi a'uziyya a zuciyata, ban san ko ta warin nake yi ba ko ta tunanin da ya zo mini.

Na same ta a rumfa tana baza tsiron dawa a kan tabarma. Ta ɗago ta ƙura mini ido, ta ce 'yar mai waina ce yau a gidan arna. Ta jawo mini kujera 'yar tsuguno, ta yi mini ya haƙuri, ta tambayi Baba. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta yi mamaki ba. Ta shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar malamar asibiti. A ina nake ajiye tukunyar, na ce a ƙasa bayan ƙofa. Ta ce a wannan sanyin, na ce e. Ta tambayi abin da nake yi da wanda ya ƙi tashi, na ce awaki nake ba wa. Ta ce tukunyar fa, na ce wanke ta nake yi da sabulu kafin in sake.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"To ai awakinku sun ci gado. Su za ki je ki tambaya."

Da ta nutsu ta ce ita ma tata tukunyar takan yi mata haka, musamman cikin marka. Da bazara in ta dafa ta sauke ta huce, ta zuba mata ɗan kaurin da ke kwanciya a gindin tsohuwar giya, kafin gari ya waye tukunya tana tafasa babu wuta a ƙarƙashinta. Amma in sama ta rufe ƙasa ta yi sanyi, sai tukunya ta yi shiru kamar rijiya. Ta ce in ta yi shiru ba ta zubarwa. Takan fara tambayar kanta ko sanyi ne, sai ta jawo ta kusa da murhu ta kafa ta a kan toka mai ɗumi, ta naɗe ta da buhu. In ba ta motsa ba, ƙila ta zuba kaurin nan tun ruwan da zafi ya ƙone, don haka da gwiwar hannu take gwadawa, kamar ruwan wankan jariri. Wani lokaci kuma tsiron ne bai fito da kyau ba, babu zaƙi, abin da ke cikin tukunyar bai samu abin ci ba. Ta ce da yawan buɗewa ana leƙe ma yana sa ta fushi. Ta ba ni labarin matar ɗanta, wadda tana sabuwar zuwa ta kwashe tukwanenta duka ta wanke da sabulu don ta faranta mata, ana gobe za a ɗora giyar biki. Ta ce har yau in suka yi faɗa sai ta tuna mata.

Ta ja ni zuwa wata tukunya da ke lulluɓe a lungu ta ce in kara kunne. Na durƙusa na kara. Ƙara ce 'yar siririya, kamar gara tana cin kara a cikin dare, ko yayyafi a kan ganye. Ta ce in na ji wannan a tawa, in bar ta ta yi aikinta. Ta ce wanda ya ƙi tashi ba lallai ne ya mutu ba, yawanci yunwa ce da sanyi. In bar shi a tukunyar, kullum in rage rabi in ƙara masa sabo, in ɗumama shi, kada sabulu ya sake kusantarsa. Zai fara wari kafin ya yi ƙamshi. Sai dai ta ce ba ta ɗauki alkawarin zai isa arba'in ba, tsami ba ya jin sauri. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗebo daga tukunyar da take aiki.

Tana faɗin haka ta ɗauki wani ɗan ƙoƙo, ta nutsa ludayi can ƙasan tukunyar, ta ɗebo wani abu mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, ta zuba ta miƙo mini.

"Iya, ta sadaka ce fa," na ce.

"Na sani. Ni ma an aiko mini da ta bakwai, wadda kuka sayo." Ta yatsina fuska. "Uwarki ma ta taɓa tsayawa nan inda kike. Shekarar da aka kwantar da babanki a Kano ta je jinya, ta dawo ta tarar nata ya mutu."

"Ta karɓa?"

Ta sosa kai ta cikin ɗankwali, ta daɗe tana kallon rufin rumfar.

"Ko ta karɓa, ko ta zage ni ta tafi. Bakin uwarki ai kin san shi. Ina jin duka biyun ta yi."

Na sake tambaya. Ta ce ƙila ma tsiro ta karɓa, ba wannan ba, an daɗe, kuma ita yanzu abin da ta ci jiya ma sai an tuna mata. Na kasa gane ko mantuwa ce da gaske ko tsokana. Hannunta yana miƙe har lokacin, ga ta sa'ar uwata. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, na rufe shi da gefen mayafi.

A hanya na yi ta tsayawa. In Inna ta karɓa, to duk wainar da muka ci tun daga wannan shekarar daga nan ta samo asali, da wadda liman yake aikowa a saya masa, da wadda aka raba a sunan 'ya'yana. In kuma ba ta karɓa ba, to ni ce zan fara, kuma a sadakarta. Karatuna bai kai in san hukuncin ɗan abin da aka zuba a ƙullu wuta ta ci shi ba. Akwai malaman da zan iya tambaya, amma ban ga yadda zan yi tambayar ba tare da na jawo sunan Inna a ciki ba, ita kuwa tana inda ba za ta ce e ko a'a ba. Na yi ƙoƙarin tuna shekarar jinyar, ko wainar ta canja bayan sun dawo. Ban tuna komai ba sai tsoron da muka ji kan Baba.

Da na zo wata iyakar gona inda aka bar gamba ta yi tsayi, na tsuguna na tuttular da shi a gindinta. Na tsaya ina kallo ƙasa tana shanye shi. Ban ji na yi daidai ba, ban kuma ji na yi kuskure ba. Na ɗauraye ƙoƙon a ruwan da ya kwanta a kunya, na wuce gida. Gwaggo ta tambaye ni me matar ta ce, na ce ta ce sanyi ne.

Allah ya sa ƙullun da ya ƙi a wannan safiyar yana nan, ba a kai ga ba awaki ba. Na mayar da tukunyar madafi, na kafa ta a kan toka a gefen murhu inda ba ya yoyo, na naɗe ta da buhu da wani tsohon bargon Baba. Kullum in rage rabi in ƙara sabo. Na koma ɗiban ruwan rijiyar gida ina barinsa ya kwanta, na kuma canja inji, don ba na son in bar wata ƙofa a buɗe. Kamar yadda Iya ta faɗa, wari ya fara yi, irin wanda ke sa mutum ya kau da kai. Gwaggo ta ce ruɓa ce ƙarara, in ina son in kashe baƙin Yaya in faɗa mata tun da wuri ta koma gidanta. Nakan jira ta fita in durƙusa in kara kunne. Wani lokaci sai in ji kamar akwai ƙara, in na riƙe numfashi sai in gane ruwa ne a kan kwanon ɗaki, ko kuma jinina ne yake gudu a kunnena.

Sai wata safiya na ga huji, 'yan kaɗan, a gefe ɗaya. Washegari suka ƙaru, warin kuma ya fara juyewa. A kwanakin ne kuma marka ta ɗauke, rana ta fito da ƙarfi har ƙasa tana tururi. Don haka har yau ban san abin da ya tashe shi ba, ko tokar ce, ko ciyarwar, ko ruwan rijiya, ko sabon injin, ko addu'ar da aka tofa ce ta iso a makare, ko kuwa rana ce kawai da za ta fito ko na yi ko ban yi ba. Matan da suka ba ni shawara kowace ta ce tata ce.

Ana gobe arba'in Gwaggo ta ce ba za ta jingina mutuncin gidan a kan 'yan huji ba. Ta sa aka sayo sabon yis, ta kwaɓa nata mai yawa a cikin babbar roba. Ban yi musu ba, don ni ma ban amince da nawa ba. Na kwaɓa a tukunyar, a kan tsamin da na raina, na gwada ɗumin tsakin da gwiwar hannu, na rufe, na hana kaina leƙawa.

Da safe ya tashi. Bai kai wuya ba, ya ɗan wuce rabi, amma da na nutsa ludayi ya yi huci. Na sa kanwa da gishiri da albasa, na ɗora tandar Inna na shafa mata man gyaɗa. Na farkon suka manne, na bayansu suka kumbura suka saki, gefensu ya yi ja. Na ɗauki ɗaya na koma bayan madafi na ci a tsaye. Ina taunawa ina neman ɗanɗanon ta Inna in gwada su, sai na tarar ba ya nan. Na san tana da tsami, na san tana da taushi, amma wannan sani ne na magana, bakina bai riƙe komai ba. Abin da na ci kusan kullum a rayuwata, ga shi ko wata biyu ba a yi ba. A nan ne kukan ya zo, bayan madafi, mata suna kirana tanda za ta ƙone.

Ina can ina wanke fuska aka fara rabo. Gwaggo ta ga tawa ba ta da yawa, kuma ba ta son a ce wani gida an kai masa irin kaza wani irin kaza, sai ta juye tawa da tata wuri ɗaya a babban daro ta cakuɗa. Da haka aka kai zaure, da haka aka bi gidaje. Mata suka yi ta shigowa suna cewa Inna ba ta mutu ba, wainar nan kamar ita ta soya. Ban san wadda suka ci ba. Wata ma da ta fi kowa yabo, na ga rabin da ke hannunta, ta Gwaggo ce. Da yamma na tambayi Baba ko ya ci, ya ce ya ci. Na tsaya ina jira. Ya ce Allah ya kai ladan kabarinta, ya yi mini albarka.

Akwai 'yan kaɗan da na soya a ƙarshe waɗanda ba su shiga daron ba. Na zuba su a kwano na rufe, bayan la'asar na bi hanyar fadama. Iya ta ɗauki ɗaya ta ɓare ta biyu, ta kai kusa da ido ta duba hujin da ke ciki kafin ta sa a baki. Haƙoranta kaɗan ne, ta daɗe tana taunawa.

"Kanwa ta yi yawa. Tsoron tsami kika ji."

Na tambaye ta ko ta yi kama da ta Inna. Ta ce ta dai tashi. Sannan ta dube ni ta gefen ido.

"Da nawa kika tashe shi, ko da naki?"

"Da nawa, Iya."

"Haka uwarki ma za ta ce, ko da me ta tashe shi."

Na zauna ina jiran ta ƙara wani abu. Ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu, ta tambaye ni ko na taho da yaji. Ban taho da shi ba.